Yadda Za a Raba Kuɗin Ritaya Tsakanin Asusun Hannun Jari: Lacca ga Ma'aikatanmu Mazauna Amurka

Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa ma'aikata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na san wasunku daga aikin dare suka wuto nan, ko gida ba su leƙa ba, wasu kuma da an tashi za su kama hanyar wurin aiki. Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a guminku.

An nemi in yi magana a kan takardar nan da ake miƙa wa mutum a makon da ya kama aiki a ƙasar nan, ko shafin intanet ɗin da ake ce masa ya shiga ya cike. Kun san ta: jerin asusu ashirin ko talatin, kowanne da dogon suna, a gefen kowanne akwai ɗan akwati, can ƙasa kuma an rubuta cewa lambobin da ka zuba a akwatunan dole jimillarsu ta cika ɗari. Da yawa daga cikinmu a tsaye muke cike ta, tsakanin karɓar katin shiga ofis da awon rigar aiki. Alhali wannan takarda ita ce fanshonmu gaba ɗaya.

Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati ko na reluwe a gida sun san fansho da garatuti: ka cika shekarunka, hukuma ta ɗauki nauyinka. Manyan kamfanonin Amurka ma haka suke yi a da. Amma a 1978 majalisar dokokin ƙasar nan ta ƙara wani ɗan sakin layi a dokar haraji, wanda daga lambarsa aka sami sunan 401(k). Wani mai ba kamfanoni shawara a kan haƙƙin ma'aikata, Ted Benna, ya lura cewa da wannan sakin layi za a iya cire wani abu daga albashi kafin haraji a ajiye wa ma'aikaci, kamfani kuma ya ɗora nasa a kai. Daga farkon shekarun 1980 tsarin ya bazu, kuma da bazuwarsa nauyi ya sauka daga wuyan kamfani ya hau wuyan ma'aikaci. Ba wanda ya yi maka alkawarin ko dala ɗaya. Abin da ka tara, da abin da ya haifa, shi za ka ci. 'Yan uwanmu masu aiki a asibitocin sa-kai da makarantu nasu ana ce masa 403(b), ma'aikatan gwamnatin tarayya da sojoji kuma nasu TSP. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Kafin a zo ga rabo, akwai abin da ya riga shi. Idan wurin aikinka ya ce zai ɗora senti 50 a kan kowace dala da ka zuba, har zuwa kashi 6 cikin ɗari na albashinka, kuma albashin dala 50,000 ne a shekara, to kai za ka zuba 3,000, su su ɗora 1,500. Babu asusun da zai ba ka ribar rabin kuɗinka ran da ka zuba. Wanda bai zuba abin da zai jawo wannan ƙari cikakke ba, wani yanki na albashinsa ne ya bar wa kamfani. Sai dai a tambaya yaushe ƙarin ke zama mallakinka, domin doka ta yarda kamfani ya jinkirta har shekara uku a dunƙule, ko ya riƙa sakar maka kaɗan-kaɗan har shekara shida. Mai niyyar sauya aiki ya duba wannan kafin ya rubuta takardar ajiye aiki. A 2025 iyakar abin da ma'aikaci zai zuba daga albashinsa dala 23,500 ce, wanda ya kai shekara 50 kuma an ƙara masa 7,500. Wanda ya cire kuɗin kafin ya kai shekara 59 da rabi, galibi zai biya haraji, ya kuma biya tarar kashi 10 cikin ɗari.

To, a cikin jerin nan asusun hannun jari iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗauki ƙwararru suna zaɓe, yau su sayi wannan kamfani, gobe su sayar da wancan, da nufin su fi kasuwa samu. Akwai kuma wanda ba ya zaɓe ko kaɗan. Shi wani ma'auni yake bi, wato jerin kamfanoni da wata hukuma ta tsara don auna kasuwa, ya sayi duk abin da ke cikin jerin, kowane kamfani gwargwadon girmansa. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne S&P 500, wanda aka fara a 1957, yana ɗauke da manyan kamfanonin Amurka kusan 500. John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a 1975, shi ya fito da irin wannan asusu ga talakawa a 1976. Ya sa ran tara dala miliyan 150 a karon farko, sai aka tara miliyan 11 da 'yan kai. 'Yan kasuwar hannun jari suka yi ta yi masa dariya, suna cewa wa zai yarda ya tsaya a matsakaicin samu alhali zai iya neman fiye?

Shekaru suka ba shi gaskiya. Kamfanin da ke tsara ma'aunin S&P yana fitar da rahoto a kai a kai yana gwada ƙwararrun da ma'aunin, kuma idan aka ɗauki shekara 15, kusan tara cikin goma na masu zaɓen manyan kamfanonin Amurka a bayan ma'auni suke ƙarewa. Warren Buffett, attajirin da kansa ya yi suna da iya zaɓe, ya ƙalubalanci wani kamfanin ƙwararru da gasar shekara goma, daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017. Shi ya tsaya a kan asusun S&P 500 mai arha, su suka zaɓo asusu biyar na gwanaye. Nasa ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin ɗari, nasu a tsakaice wajen 36. Ba wai gwanayen ba su san aiki ba ne. Su ne kasuwar, junansu suke saye da sayarwa, abin da wannan ya samu wancan ne ya rasa, sannan dukansu su cire ladarsu daga kuɗinka.

Wannan lada ita nake so ku fara nema a takardar. A gefen kowane asusu akwai wata 'yar lamba da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, ita ce la'adar da ake cira kowace shekara, ko an ci riba ko an faɗi. Za ka ga wani 0.04, wani 0.65, wani 1.00. Ido yana ganinsu duk ƙanana. Amma 0.04 na nufin dala 4 a kan kowace dala 10,000, ita kuwa 1.00 dala 100 ce. Mu yi lissafi tare, misali ne ba alkawari ba. Mutum yana zuba dala 6,000 a shekara, har shekara 30. Idan kuɗin na haihuwar kashi 7 cikin ɗari a shekara, zai tashi da wajen dala 567,000. Idan la'ada ta cinye kashi ɗaya, saura 6, zai tashi da wajen 474,000. Fiye da dala 90,000 ke nan suka tafi, kuma ba ranar da aka aiko masa da rasit. Ba ka da iko a kan abin da kasuwa za ta yi baɗi, amma wannan lambar kai kake zaɓen ta da hannunka.

Yanzu mun iso inda na fi son mu daɗe. Mutum ya gane cewa asusu masu bin ma'auni sun fi arha, ya duba ya ga guda biyar ko shida a jerin, sai hankali ya ce masa: raba daidai, kowanne ya samu. Wannan ɗabi'a ba tamu ce mu kaɗai ba. Masana biyu, Shlomo Benartzi da Richard Thaler, sun yi rubutu a kanta a 2001. Sun kawo misalin matuƙan jirgin saman kamfanin TWA, waɗanda aka ba su asusun hannun jari biyar da na takardun bashi ɗaya, sai kashi 75 cikin ɗari na kuɗinsu ya tafi hannun jari. Ma'aikatan Jami'ar Kalifoniya kuwa an ba su na hannun jari ɗaya da na takardun bashi huɗu, sai nasu ya tsaya a kashi 34. Wato ba mutanen ne suka yi zaɓin ba, wanda ya tsara jerin ne ya yi musu, ba tare da shi ko su sun sani ba.

Wata 'yar uwarmu mai aikin jinya ta taɓa nuna mini nata rabon, cikin natsuwar wadda ta yi abin da ya dace. Kashi 20 a asusun S&P 500, kashi 20 a na dukan kasuwar Amurka, 20 a na manyan kamfanoni masu saurin bunƙasa, 20 a wani na ƙwararru mai zaɓen manyan kamfanoni, 20 a na fasahar zamani. Na ce, Hajiya, mu buɗe takardar bayanin kowanne. A kowace takarda akwai wani ɗan akwati da ke jera kamfanoni goma mafi girma a cikin asusun. Muka buɗe na farko: Apple, Microsoft, Nvidia, Amazon. Na biyu, su ne. Na uku, su ne dai, sai dai kasonsu ya ƙaru. Kafin mu kai na biyar ita da kanta take karanto sunayen kafin in juya shafi. Kamar mai gida ne ya zagaya rumfuna biyar a kasuwar hatsi yana sayen buhu ɗai-ɗai don kada ya dogara da mutum ɗaya, alhali duk buhunan daga mota ɗaya aka sauke su da safe. In akwai ƙwari a motar, suna cikin buhu biyar ɗin.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane asusu ita ce: me ke cikinka, kuma ina da shi a wani wuri? Kasuwar hannun jarin duniya, in ka kalle ta daga nesa, ɓangarori huɗu ce. Manyan kamfanonin Amurka, su ne S&P 500, kuma su kaɗai sun ɗauki wajen kashi 80 cikin ɗari na darajar kasuwar ƙasar nan. Sai matsakaita da ƙananan kamfanonin Amurka, dubbai ne, amma dukansu a haɗe wajen kashi 20 ne. Sai ƙasashen da suka ci gaba, irin su Japan, Birtaniya, Faransa, Jamus da Suwizalan, inda za ka sami Toyota, da Nestlé mai Maggi da Milo, da Unilever mai Omo. Sai ƙasashe masu tasowa, irin su Sin, Indiya, Taiwan, Birazil, Afirka ta Kudu da Saudiyya. Aikinka shi ne ka mallaki kowane ɓangare sau ɗaya, a farashi mai arha. Wannan ba ya bukatar asusu goma.

Ɓangaren Amurka shi ya fi sauƙi. In jerinka na da asusun dukan kasuwar Amurka, wanda galibi sunansa ke ɗauke da Total Stock Market, to shi kaɗai ya haɗa manya da ƙanana, an gama. Ɗora S&P 500 a kansa maimaici ne. In babu shi, sai S&P 500 da wani mai suna Extended Market ko Completion, wanda ke ɗauke da duk kamfanonin da ba sa cikin 500 ɗin, to haɗa su huɗu da ɗaya, wato 80 da 20, ka sami dukan kasuwa. In S&P 500 kaɗai ne mai arha a jerinka, sauran duk masu tsada ne, ka tsaya a kansa ba tare da damuwa ba, domin shi da asusun dukan kasuwa tafiyarsu kusan ɗaya ce. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya la'adar kashi ɗaya don kawai ya sami ƙananan kamfanoni ba.

Inda ake da saɓani na gaske, har tsakanin masana, shi ne nawa za a fitar waje da Amurka. Masu cewa a zauna gida suna da hujja. Manyan kamfanonin Amurka a duk duniya suke ciniki. Daga 2010 zuwa 2024 kasuwar Amurka ta bar sauran a baya da nisa. Bogle kansa ya ce ba dole ba ne a fita, in kuma za a fita kada a wuce kashi 20 cikin ɗari. Amma kamfanin da ya kafa, a asusunsa na shekarar ritaya, kashi 40 na hannun jarin a waje yake zubawa, kusa da yadda kasuwar duniya ta rabu, inda Amurka ke da kashi 60 da wani abu.

Ni ina tare da masu fita, kuma ga dalilina. A ƙarshen 1989 babu kasuwar da ta kai ta Japan ƙarfi a idon duniya. Ma'auninta, Nikkei, ya kai 38,915 a ranar 29 ga Disamba na shekarar. Daga nan ya gangara, kuma bai sake taka wannan matsayi ba sai a watan Fabrairun 2024. Shekara 34 ke nan, tsawon rayuwar aikin mutum guda. Ma'aikacin Tokiyo da ya zuba komai a gida a lokacin ba wawa ba ne, abin da idonsa ya gani shekaru goma a jere ya bi. A nan Amurka ma, wanda ya zuba kuɗi a S&P 500 a farkon 2000 ya dawo a ƙarshen 2009, ko da an haɗa da ribar da kamfanoni suka raba, kuɗinsa ya ragu da wajen kashi 9 cikin ɗari, alhali a shekarun nan goma kasuwannin ƙasashe masu tasowa sun ninka fiye da sau biyu. Ga kuma wani abu na baya-bayan nan: a ƙarshen 2024 kamfanoni goma kacal sun ɗauki fiye da kashi ɗaya bisa uku na darajar S&P 500, mafi yawansu kuma sana'arsu ɗaya, fasahar zamani. Mai asusun kamfani 500 ya san cewa kaso mai yawa na kuɗinsa a hannun goma yake.

Ba ina cewa Amurka za ta bi sawun Japan ba ne. Abin da nake cewa shi ne albashinka daga nan yake, gidanka in ka saya a nan yake, kuɗin tsufan da gwamnati za ta biya ka daga nan ne. Ya isa dogaro da ƙasa ɗaya. Duk lambar da mutum ya zaɓa tsakanin 20 da 40 ba zan yi gardama da shi ba, ni dai na fi natsuwa da 30. In ka ɗauki 30, lissafin kowace ɗari ta hannun jari zai zama 56 a S&P 500, 14 a na ƙanana da matsakaita, 30 a na ƙasashen waje. Ga masu TSP, wannan shi ne 56 a asusun C, 14 a S, 30 a I. Ku kuma duba asusun wajen da kyau, domin wasu ƙasashen da suka ci gaba kawai suke ɗauke da su, babu masu tasowa. Wanda ya haɗa duka biyu ya fi. Kada kuma wani ya zaci yana taimakon gida ta wannan hanya, Nijeriya da Nijar da Gana ba sa cikin waɗannan ma'aunai.

Akwai akwati ɗaya da nake roƙonku ku bar shi kusan wayam, shi ne na hannun jarin kamfanin da kuke wa aiki. Ma'aikatan Enron, kamfanin makamashi na jihar Teksas, wajen kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ritayarsu a hannun jarin kamfaninsu yake. A 2000 hannun jari ɗaya ya kai kusan dala 90. Kafin ƙarshen Nuwamban 2001 bai kai dala ɗaya ba, a farkon Disamba kamfanin ya durƙushe. Mutane suka rasa aiki da ajiyar tsufa a mako guda. Son wurin aiki abu ne mai kyau, amma ka riga ka ba shi ƙarfinka da shekarunka.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan rabon hannun jari ne tsakanin junansu. Amma akwai tambayar da ta fi su nauyi: nawa ne cikin kuɗin zai shiga hannun jari tun farko? Ku ji abin da ya faru a zamaninmu. Daga Oktoban 2007 zuwa Maris na 2009, S&P 500 ya faɗi da fiye da rabi, bai koma inda yake ba sai 2013. A 2020, da annobar korona ta shigo, ya zube da kashi 34 cikin ɗari a mako biyar, kafin watan Agusta ya ƙare kuma ya wuce inda ya taso. A 2022 ya sauka da kashi 18. Wannan ba tsautsayi ba ne, halin kasuwa ne, kuma zai sake faruwa a rayuwar aikin kowa a ɗakin nan. Ka ɗauki abin da ke asusunka yau, ka raba shi biyu, ka rubuta rabin a takarda ka kalle shi. In za ka iya ganin wannan lamba a wayarka ka tafi aiki, a ci gaba da cire maka daga albashi ana saye, to rabonka ya yi daidai da kai. In ka san hannunka zai kai ga maɓallin sayarwa, ka rage tun yanzu da kasuwa ke lafiya. Waɗanda suka sayar a Maris na 2009 ko Maris na 2020 su ne suka yi asara ta gaske, waɗanda suka bar kaza cikin gashinta sun ga kuɗinsu ya dawo. Ɗan shekara 30 faɗuwar kasuwa arha ce gare shi, domin saye yake yi. Baba da ya rage masa shekara uku ya ajiye aiki, lissafinsa daban ne.

Don wanda ba ya son wannan lissafi aka yi asusun shekarar ritaya, masu lamba a sunansu, 2040, 2050, 2060. Ka zaɓi shekarar da kake sa ran ajiye aiki, su yi maka rabon, su riƙa rage hannun jari yayin da kake manyanta. Na Vanguard, alal misali, yana farawa da kashi 90 a hannun jari, ya sauko zuwa 50 lokacin ritaya. Tun bayan dokar kare fansho ta 2006, kamfanoni da yawa nan suke zuba kuɗin wanda bai zaɓi komai ba. In la'adarsa ƙarama ce, zaɓi ne mai kyau, da sharaɗin a ba shi ɗari bisa ɗari. An gina shi ne ya zama cikakken rabo shi kaɗai, haɗa shi da wasu asusu huɗu rushe ginin ne.

Na ga malamai sun gyara zama, kuma da gaskiyarsu. Ɓangaren da ba hannun jari ba a waɗannan asusu takardun bashi ne, ribarsu kuɗin ruwa ce. Ma'aunin S&P 500 kansa yana ɗauke da bankuna, da kamfanonin inshora, da na giya, da na caca. Mafi yawanmu a nan Musulmi ne, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda bai taɓa cike takardar ba, ya sani mai yiwuwa kuɗinsa na cikin irin wannan asusu yanzu haka.

Akwai ma'aunai da aka tace bisa shari'a. Dow Jones ta fito da nata a 1999. Ana cire kamfanonin da asalin sana'arsu haram ce, a cire waɗanda bashin ruwa ya yi musu yawa, galibi in ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na darajarsu, a cire waɗanda kuɗin shigarsu na haram ya wuce kashi 5 cikin ɗari, ɗan abin da ya rage kuma mai hannun jari ya fitar da shi sadaka don tsarkake dukiyarsa. Asusun Amana, na kamfanin Saturna, ya fara tun 1986, amma shi na masu zaɓe ne. Masu bin ma'auni irin su SPUS da HLAL sun fito a 2019. Abu biyu ya kamata mai shiga ya sani. La'adar waɗannan biyun ta fi tsada, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Sannan da yake an cire bankuna, kamfanonin fasaha sun ƙara rinjaye a ciki, don haka bukatar fita waje da Amurka ta ƙaru ne, ba ta ragu ba. Wanda ya biya wannan bambanci don natsuwar zuciyarsa ya san abin da ya saya, kuma ina girmama shi.

Matsalar ita ce da wuya ka ga waɗannan asusu a jerin wurin aiki. Amma akwai hanyoyi. Wasu tsare-tsaren suna da wata ƙofa da ke ba ma'aikaci damar sayen asusun da ba ya cikin jeri, a Fidelity ana ce mata BrokerageLink, a Schwab kuma PCRA. Ka tambayi ofishin kula da ma'aikata ko naku na da ita. In babu, ku haɗu, ku da sauran Musulmin wurin aikin, 'yan Pakistan ne ko Somaliya ko Larabawa, ku rubuta takarda ku nemi a ƙara asusu ɗaya. Akwai kwamitin da ke duba jerin, kuma takarda mai sa hannun mutum ashirin ba ɗaya take da ƙorafin mutum ɗaya a bakin ƙofa ba. Ran da ka bar aikin kuma, kana da damar mayar da kuɗin zuwa asusun ritaya na ƙashin kanka, wanda ake kira IRA, ba tare da haraji ba in an bi ƙa'ida, can ka sayi abin da kake so. Shi kuwa wanda duk ƙofofin nan suka rufe masa, ko ya halatta ya zauna a asusun gama-gari yana tsarkakewa don kada ƙarin kamfani ya wuce shi, malamai sun saɓa a kai. Fatawa tasu ce. Abin da nake roƙo shi ne mai tambaya ya je wurin malam da takardar bayanin asusun a hannu, don a yi hukunci a kan abin da ke ciki.

Bayan an yi rabo, saura kiwo, kuma kiwon ba shi da yawa. Da tafiyar lokaci wani ɓangare zai yi ƙiba, wani ya rame, 56 ɗinka ya zama 63, 30 ya koma 24. Sau ɗaya a shekara ka shiga ka mayar da kowanne mazauninsa. Ka ɗaura abin da ranar da ba za ka manta ba, ko makon ƙaramar Sallah ne. A cikin asusun wurin aiki wannan sauyi ba ya jawo haraji, wasu tsare-tsaren ma da kansu suke yi in ka danna musu izini. Ku lura shafin yana da wuri biyu, ɗaya na kuɗin da ke ciki, ɗaya na wanda za a cira daga albashi nan gaba, mutane kan gyara ɗaya su manta ɗayan. A wajen wannan rana, jerin da ke nuna asusun da ya fi riba bara ba abin bi ba ne. Zuciya za ta ce ka kwashe daga ramammen ka ƙara wa mai ƙiba, alhali daidaitawa akasin haka take nema.

Da yawanmu niyyarmu mu koma gida mu tsufa a cikin dangi, Allah ya cika mana buri. Asusun ba ya ɓacewa don ka bar ƙasar, yana nan da sunanka. Amma wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ya bar zama a nan, galibi akan riƙe kashi 30 cikin ɗari na abin da ya cira a matsayin haraji, kuma babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Nijeriya, ko Nijar, ko Gana, da za ta sassauta masa. A zauna da masanin haraji kafin a sayi tikitin jirgi.

Sai shafi na ƙarshe na takardar, wanda aka fi tsallakewa, inda ake rubuta wanda zai karɓi kuɗin in ta Allah ta kasance. A dokar ƙasar nan, sunan da ke wannan shafi ya fi ƙarfin wasiyyar da ka rubuta a gida. A tsarin 401(k) kuma, in kana da aure, matarka ko mijinki ne doka ta ba kuɗin gaba ɗaya, sai fa in ya sa hannu a gaban shaida na hukuma cewa ya yarda a ba wani. Mai son dukiyarsa ta bi rabon gado na shari'a, 'ya'ya da mahaifa kowa ya sami haƙƙinsa, dole ya zauna da iyalinsa da malami da lauya tun yana da lafiya, a cike shafin yadda ya dace, a kuma sake duba shi in an yi aure, ko haihuwa, ko rabuwa.

Shugaba ya ce akwai lokacin tambayoyi. Wanda ya zo da takardarsa, ko yake da shafin a wayarsa, ya matso bayan an tashi mu buɗe tare.